Maine, Inda Masunta Ke Mayar da Kamunsu Teku

Jihar Maine tana can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka, ta jingina da Kanada, kuma wani ɓangare na arzikinta a ruwa yake. Duk garin gaɓa da ka shiga, daga Portland zuwa Rockland har Stonington, tulin tarkunan waya za ka fara gani jibge a bakin tashar jiragen ruwa, ga ƙarnin kifin da ake ɗana su da shi ya cika ko'ina. Lobsta suke kamawa, ɗan'uwan ƙaguwa da jatan lande, mai manyan hannaye biyu da doguwar wutsiya cike da nama. A raye launinsa kore ne mai duhu, sai an dafa shi yake yin ja. A 2016 kaɗai masuntan jihar sun fito da kusan kilo miliyan 60, kamun da ba a taɓa yin irinsa ba.

Na bi wani jirgin su da sassafe daga Portland, hazo bai gama washewa ba, sanyi kuwa ba a magana. Mai jirgin, dattijo ne da ba ya son yawan surutu, yakan tsaya a kan alamarsa da ke iyo bisa ruwa (kowane masunci da launin fentinsa), inji ya jawo igiya, tarko ya taso yana ɗigar ruwa. Sai ya zaro wani ɗan ma'aunin tagulla ya ɗora a bayan dabbar, daga kwarmin ido zuwa inda wutsiya ta fara. Wanda bai kai inci uku da kwata ba, tsundum, ya koma. Wannan ban yi mamakinsa ba, ko'ina ana barin ƙanana su girma. Amma da aka ciro wani ƙato, wanda ni a raina na riga na yi masa kuɗi, sai na ga an auna shi an wurga shi shi ma. Dokar Maine ta hana riƙe duk wanda ɓawonsa ya wuce inci biyar, domin manyan su ne suka fi haihuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke yi da mace mai ƙwai. Dattijon ya juya cikin wata ya nuna mini: dubban ƙwayaye ƙanana, baƙi-baƙi, manne a ƙarƙashin wutsiya, kuma haka za ta yi ta yawo da su wata tara zuwa shekara guda. Ya ɗauko wuƙa ya yi mata tsaga mai siffar V a gefen wutsiyar, kamar yadda makiyayi ke tsaga kunnen saniya, sannan ya sa ta a ruwa a hankali. Daga ranar ta haramta ga kowa. Ko wani ya kama ta baɗi ba ƙwai a jikinta, dole ya sake ta, in tsagar ta fara shafewa ma ya sabunta. Ba ɗan sanda a tsakiyar teku, ba mai ganinsa sai yaron jirginsa. Na tambaye shi ko ba ya jin asarar, ya ce wadda ya saki yau ita za ta ciyar da jikokinsa, kuma wanda duk aka sani yana cin masu tsaga ba zai ji daɗin zama a garinsu ba. Dabbar da sai ta shekara biyar zuwa bakwai kafin ta isa sayarwa, ai kiwonta sai mai haƙuri.

Akwai kuma waɗanda doka ta halatta amma ba wanda ke son ya dafa. Jefi-jefi tarko kan fito da lobsta shuɗi fes, wanda ake kiyasin ɗaya ne cikin miliyan biyu, ko rawaya, ko mai ruwan lemo, ko wanda launi biyu suka raba shi tsaf daga kai zuwa wutsiya. Irin waɗannan akan ɗaga waya a nema musu wurin zama. Cibiyar nazarin teku ta Jami'ar New England da ke Biddeford tana karɓar su, ɗalibai na binciken abin da ke sauya musu launi. Al'adar ta wuce Maine ma: a 2020 ma'aikatan wani reshen gidan cin abinci na Red Lobster a Ohio sun tsinci shuɗi a cikin kayan da aka kawo musu, ya ƙare a gidan dabbobi na Akron maimakon tukunya.

Labarin George kuwa har yanzu ana ba da shi. Ƙaton lobsta ne mai nauyin kilo tara da aka kama a ruwan Newfoundland, ya zauna a tankin wani gidan cin abinci a New York mutane na ɗaukar hoto da shi. A farkon 2009 ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ta roƙa aka ba ta shi, aka kai shi kusa da Kennebunkport aka sake. An ce shekararsa 140, amma daga nauyinsa aka yi lissafin, don haka ni ban riƙe shi da ƙarfi ba. Zaɓen wurin dai an yi dabara, tunda a ruwan Maine girmansa kaɗai ya isa ya kare shi.

Sai dai tausayi ba tare da sani ba ɓarna yake yi, kuma mutanen wurin ba sa ɓoye maka hakan. Lobsta ba ya rayuwa a ruwan kogi ko na famfo, sai ruwan gishiri mai sanyi. In an manta da robar da ake ɗaure masa hannaye, an sake shi ne ga yunwa da maƙiya. Kuma teku ba ɗaya ba ce. A 2015 wasu mabiya addinin Buddha sun saki ɗaruruwan lobsta da ƙaguwa 'yan asalin Amurka a tekun Brighton ta Ingila da niyyar ceton rai. Hukuma ta biya masunta su kamo su don kada su cutar da na gida, kotu kuma ta ɗora wa mutum biyu biyan sama da fam 28,000.

Damuwar masuntan Maine yanzu ɗumin ruwa ne. Tekunsu na cikin waɗanda suka fi saurin ɗumama a duniya, kuma sun ga abin da ya sami maƙwabtansu na kudu, inda lobsta suka yi ta mutuwa a mashigin Long Island a 1999 sana'ar ba ta sake miƙewa ba. Dattijon ya ce shekarun nan sai ya ƙara nisa zuwa ruwa mai zurfi kafin tarkonsa ya cika, man jirgi kuma kullum ƙara tsada yake.