Daga Tudun Wada Zuwa Kainji: Labarin Ayu

Mutumin Tudun Wada ta Minna da ya saba cin bandar kifi ba lalle ne ya taɓa tambayar ruwan da ta fito ba. In da zai bi sawunta, wata ran sai ya ga ta bi da shi ta Bida da Mokwa, ta ratsa dajin Zugurma, har ta tsai da shi a bakin tabkin Kainji.

Shi wannan tabki ba daɗaɗɗe ba ne. A 1968 aka gama datse Kogin Kwara a nan domin samar da lantarki, ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. A 1979 kuma aka haɗa gandun Borgu da na Zugurma suka zama gandun namun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340. Baƙo yakan zo ne don ganin dorina da gwanki da ɓauna. Amma akwai wata dabba a ruwan nan wadda ba a cika gani ba, ita ce ayu.

Ayu ba kifi ba ne, ko da yake cikin ruwa yake rayuwa. Numfashi yake yi kamar saniya, ciyawa yake ci kamarta. Macen takan yi kamar shekara guda da ciki, ta haifi ɗa guda tak, ta daɗe tana shayar da shi. To, dabbar da haihuwarta ke da nawa haka, in aka kashe uwa ɗaya an yi ɓarnar shekaru. Ga shi kuwa ana farautarsa saboda nama da man da ake magani da shi. Madatsun Kainji da Jebba sun raba na sama da na ƙasa, kuma idan ruwa ya janye da rani, wani yakan maƙale a kududdufi yana jiran mai zago. Dokar 1985 ta hana farautarsa, sai dai doka tana ofis, ayu yana fadama.

Abin da za a yi da dabbar da ta maƙale, mutanen Kalifoniya ta Amurka sun gwada shi a kan karen ruwa na teku. Masu neman fatarsa sun kusa ƙarar da shi, har aka zaci ya ƙare, sai a 1938 aka ga wani ɗan garke ya saura. Tun 1984 gidan kifaye na Monterey ke tsintar 'ya'yan da igiya ta raba da iyayensu. Da fari mutane ke renonsu, sai suka saba da mutum, zaman teku ya yi musu wuya. Daga baya aka koma ba wata uwa riƙo, ita ke koya wa maraya nutso da fasa kaguwa. Waɗanda aka saki a mashigin Elkhorn sun hayayyafa, suka rage kaguwa, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta farfaɗo, kifi ya sami maɓoya. Yanzu yawansu a gabar Kalifoniya ya kai kimanin 3,000.

A Afirka ma an yi irin haka. A yankin Matam na Senegal an sha ɗauko ayun da ruwa ya janye ya bari, a mai da shi babban kogi. Aikin ba ya son gine-gine masu tsada, sai taru da mota da majiya ƙarfi, da kuma masunci wanda zai kai labari maimakon ya wasa wuƙa.

New Bussa tana da kwalejin kula da namun daji, tana da cibiyar binciken kifi. Abin da ya tsaya wa aikin a 'yan shekarun nan shi ne 'yan bindigar da suka sami mafaka a dajin, har baƙi suka ɗauke ƙafa, ma'aikatan gandu kuma suna shiga da ɗar-ɗar.