Inda Ɗinkin Kalma Yake Ɓuya

Tun da na zo Utrecht nake fama da tsawon kalmomin Holanci. Mu in za mu haɗa suna biyu, sai mu sa ɗafi a tsakani, kowanne ya tsaya a mazauninsa: gidan sauro, jirgin sama, rigar ruwa. Uwar magana ce kan gaba, bayani ya biyo ta. Su kuwa manne su suke yi wuri guda, uwar maganar ta koma ƙarshe. Asibiti ziekenhuis ne, marasa lafiya a gaba, gida a baya.

Ka'idarsu ta raba gaɓoɓi ta ce a fara yankawa a kan ɗinkin, inda kalmomin biyu suka haɗu. To amma ɗinkin ba ya bayyana a takarda. Ɗauki dijkramp. In ka yanka dijk-ramp, ka ambaci bala'in fashewar madatsar ruwa, abin da ba a wasa da shi a ƙasar da ambaliyar 1953 ta ci mutum fiye da 1,800. In ka yanka dij-kramp, jijiyar cinya ce ta ɗaure. Massagebed ma haka: ko gadon tausa, ko addu'ar taron jama'a, kuma a nan har gaɓar da ake dannawa tana sauya wuri.

Wannan dannawa ita ce ta fi ba kunnena aiki. Bahaushe ya saba da karin sauti, murya ta hau ko ta sauka, shi ya sa muke bambanta fara ta ci da fara aiki da farar riga ba tare da tunani ba. Su nauyi suke ɗora wa gaɓa ɗaya, galibi a kashin farko: VOETbal, ZIEkenhuis. Sai kuma ka ji stadHUIS da AmsterDAM sun ƙi bin layi. Voorkomen, in ka danna farko, aukuwa ce. Ka danna tsakiya, ta zama hanawa.

Abin da ya burge ni, in rikici ya yi barazana, an yarda marubuci ya sa alama: vóórkomen, ko ya tsaga kalma da karan ɗori. Mu kuwa, tun da aka daidaita rubutun boko, kari da tsawon wasali mun bar wa mai karatu su. Ɗan gida ba ya tuntuɓe a kansu. Baƙon da ke koyon Hausa kuwa, a kan fara yake tsayawa yana waige-waige, kamar yadda nake tsayawa a gaban dijkramp.