Hoton Ƙirji a Kan Hanyar Kano

Mutumin Sule Tankarkar da tari ya ƙi sakinsa, in aka ce a yi masa hoton ƙirji, ɗaukar hoton rabin aiki ce. Saura idon da zai karanta shi. Ƙwararrun likitocin hoto sun fi taruwa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Rasheed Shekoni a Dutse, shi kuwa majinyaci yana can bakin iyakar Nijar, kuɗin mota daga aljihunsa. Alhali sau da yawa hoton likitan yake son gani, mai hoton yana iya zamansa a gida.

Sai dai hoton asibiti kaya ne mai nauyi. A ɗauki na'urar CT, wadda ke ɗaukar jiki yanka-yanka. Kowane yanka ɗigo 512 ne a tsaye, 512 a kwance, nauyinsa rabin megabait. Yanka 300 sun kai megabait 150. Layin waya mai rauni, wanda ke tura megabait ɗaya cikin daƙiƙa 8, sai ya yi minti 20 yana ja. Wayar faiba, zaren gilashi da saƙo ke bi cikinsa a matsayin haske, in ta ninka wannan gudun sau 100, daƙiƙa 12 ta ishe ta.

Shi ya sa ake matse hoto, kuma matsewar iri biyu ce. Ta farko kamar danna auduga ce a buhu: in an kwance, ta dawo yadda take, ko ɗigo bai ɓace ba, amma ragin bai cika wuce ninki 2 ko 3 ba. Ta biyu sheƙa ce. Tana rage nauyi sau 10 ko fiye, ta hanyar zubar da abin da lissafi ya ɗauka ƙaiƙayi ne. Lissafi kuwa bai san tarin fuka ba. Wani ɗan dishi-dishi a saman huhu yana iya bin iska. Ƙa'idar DICOM, wadda na'urorin asibiti ke bi tun 1993, ta yarda da duka biyun, amma ta ce hoton da aka sheƙe a yi masa alama, don likita ya san abin da ke gabansa.

Dabarar da ma'aikacin karkara ya fi samu a hannu ita ce ya ɗaga hoton wajen taga, ya ɗauka da waya, ya tura ta WhatsApp. Ba abin zargi ba ne, da babu gara ba daɗi. Amma hoton da ke iya ɗaukar matakin duhu da haske 4,096 ya koma 256, an kuma sheƙe shi ba alama.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Wayar da ta bi titin Gumel ta wuce ba ta amfani majinyaci ba sai an ja reshenta har ɗakin hoto, an sami wutar da za ta riƙe na'ura, masu gyaran hanya kuma ba su tsinke ta da katafila ba.