Akwatin Tsohon Direba

Ran nan muna gyaran ɗakin kawunmu a Fagge, Allah ya jiƙansa, sai muka ci karo da wani akwatin ƙarfe cike da takardu. Muka zaci na bashi ne. Ashe takardun tallan motoci ne, irin waɗanda kantuna su ke ba mai niyyar saye, da tsohon lasin nasa, da wani tambarin ƙarfe da aka cire daga goshin Bedford. Shi kuwa direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana kai gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tashar jirgin ƙasa.

Tun daga ranar muka shiga neman irinsu. In mun sami sarari sai mu tsallaka Sabon Gari, mu bi masu sayar da kayan mota da tsofaffin makanikai, muna tambaya. Wani ya ba mu kyauta, wani ya yi dariya ya ce, "Malam, motar ma an narke ta an yi tukwane, me za ka yi da takardarta?"

To, 'yan makaranta, ga amsarmu. Mun sani mai talla ba malamin tarihi ba ne, kowa cewa ya ke motarsa ba ta da na biyu. Amma duk wayonsa ba ya iya ɓoye zamaninsa. Ga wata takarda ta Morris Minor, wadda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1948. Sitiyarinta yana dama, domin a lokacin hannun hagu a ke bi a Nijeriya, sai ran 2 ga Afrilu, 1972, aka koma dama. A bayanta kawu ya rubuta kuɗinta da fensir, fam da sule, watau tun naira ba ta zo ba, don ita sai 1973 ta fito. Ga kuma wata ta Peugeot 504, sitiyari a hagu, irin motocin kamfanin da ya fara haɗa su a Kaduna cikin 1975. Kun ga takarda biyu kaɗai sun gaya mana yadda hanya ta juya, kuɗi ya sake.

Unguwannin nan biyu kuwa sun daɗe da sanin matafiya. Fagge zango ce tun da, inda ayarin raƙuma daga Azbin ya ke sauka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ba a jima ba aka kafa Sabon Gari, sa'an nan cinikin gyaɗa ya jawo mota. Littattafanku suna ba da labarin Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa, kuma ya cancanta. Amma ina sunan direban da ya kwana uku a laka da damina, ko karen motar da ya ke dirowa a guje ya sa katako a bayan taya don kada mota ta gangara? Labarinsu yana cikin akwatuna irin wannan.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, gara ta cinye kusan rabin takardun. Akwai kuma hoton mutum huɗu tsaye gaban mota, kawu kaɗai muka gane. Shekara da shekaru muna cin tuwo tare da shi, ba mu taɓa tambayarsa ba. Yanzu kuwa babu wanda za mu tambaya.

Saboda haka muna roƙonku, in kun koma gida hutu, ku nemi tsofaffinku su buɗe muku akwatunansu. Ku tambaye su, ku rubuta suna da shekara a bayan kowace takarda, ku ajiye inda ruwa da gara ba za su kai ba. Kada ku bari a naɗe ƙosai da ita. Allah ya sa ku fi mu azama, amin.