Neman Gidan Hajiya Binta A Mararaba

Turawa suna da wata al'ada wadda ba ta riga ta zauna a ƙasarmu ba, watau idan suka karanta ƙagaggen labari ya yi musu daɗi, sai su ɗauki taswira su tafi garin da aka ce abin ya auku, su bi titi titi suna gwada abin da ke rubuce da abin da ido ya gani. Labaran masha-jini suna cikin waɗanda suka fi jawo irin wannan yawo. Masha-jini a tatsuniyarsu gawa ce da ta ƙi kwanciya, tana fita da dare tana tsotse jinin masu rai. Ya yi kusa da maye a wurinmu, sai dai shi maye da ransa yake, kuma kurwa yake kamawa.

Tun da Bram Stoker ya buga Dracula cikin 1897 mutane suke zuwa garin Witbi a gaɓar tekun Ingila, suna hawa matakala 199 zuwa tsohuwar majami'ar da ke bisa tudu. A Romaniya kuwa akwai wata tsohuwar fada mai suna Bran da ake nuna wa baƙi a kan gidan Dracula ne, alhali mawallafin bai taɓa sa ƙafa a ƙasar ba.

Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne na ƙasar Suwidin. Cikin 2004 John Ajvide Lindqvist ya fitar da labarin wani yaro ɗan shekara 12 da ya yi abota da masha-jini a Blackeberg, wata unguwa ta gidajen bene a bayan birnin Sitokholm, wadda aka gina a farkon shekarun 1950. A nan mawallafin ya girma, saboda haka ya ambaci tituna da tashar jirgi da sunayensu na gaskiya, har mai karatu yana iya tsayawa a titin Ibsen ya ɗaga kai yana ƙidaya tagogi. Abin da ya dogara a kai shi ne unguwar sabuwa ce, ba ta da kakanni, ba ta da tarihi, kowa baƙo ne, don haka mugun abu zai iya kama haya a ɗakin da ke jikin naka ba wanda ya tambayi asalinsa.

To, idan ana neman garin da kowa baƙo ne, ai mu ma muna da shi. Ran 3 ga watan Fabrairu na 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta yanke Yankin Babban Birnin Tarayya a ƙasar Gwari da maƙwabtansu, aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birni, tsohuwar Abuja ta koma Suleja. Ran 12 ga watan Disamba na 1991 gwamnati ta taso daga Ikko. Kuma muna da littafin da za a riƙe a hannu a yi yawon da shi, ko da yake babu masha-jini a ciki: Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan jarida haifaffen Jos, wanda ya fito cikin Ingilishi a 2015, ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG ta dala 100,000 a 2016.

Labarin Hajiya Binta Zubairu ne, mai shekara 55, wadda aka kashe mijinta a rikicin Jos, ɗanta Munkaila ya dawo da ita Mararaba. Wata rana wani ɗan daba mai sayar da wiwi, ana ce masa Reza, ya tsallako katangarta don ya yi sata. Ta girme shi da kusan shekara 30, kuma yana tuna mata ɗanta na fari da ya mutu, wanda kunya ta hana ta ko kiran sunansa yana da rai. Daga nan abin da bai kamata ba ya shiga tsakaninsu. Ba zan faɗi ƙarshensa ba, domin masu niyyar karantawa.

Na kama hanya daga shatale-talen AYA a Asokoro. Mota tana barin nan sai ta gangara tudun Kugbo, inda manyan motoci suke shan wuya, ta wuce mahaɗar Karu ta shiga Nyanya. Ita Nyanya sansanin leburorin da suka gina Abuja ce tun asali, kuma a tashar motarta ne bom ya tashi ran 14 ga watan Afrilu na 2014, ya hallaka mutum fiye da 70. Gaba kaɗan sai iyaka. Ba kogi, ba daji, ba ko filin da zai nuna wa baƙo cewa gari ya ƙare wani ya soma, amma ka fita daga Yankin Babban Birni ka shiga Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Tafiyar ba ta kai mil 10 ba, amma da yamma, sa'ad da ma'aikata suka taso, tana iya cin sa'a biyu.

Ga wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa cikin 1996, Mararaba a Jihar Filato take, watau Jos ce hedkwatarta. Ashe Hajiya Binta ba ta yi nisa da gida ba kamar yadda ake zato, ta dai koma bakin iyakar tsohuwar jiharta ne, inda Abuja take zubar da mutanen da ba ta da wurin ajiyewa. Rushe-rushen da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007, zamanin ministan Abuja Malam Nasiru El-Rufa'i, da hana acaɓa a tsakiyar birni cikin 2006, da tsadar haya, su suka tura dubban mutane Mararaba da Ado da Masaka. Waɗanda rikicin Jos na 2001 da na 2008 ya kora su ma wasunsu nan suka yada zango.

Babban titi bai ba ni wahala ba. Cunkoson yana nan, da kasuwar Orange inda ake sauke kayan gwari, da 'yan acaɓa da ke jiran fasinja a bakin kowane lungu. Wahalar tana farawa ne idan ka bar kwalta. Blackeberg zana ta aka yi a takarda kafin a aza tubali, kowane gida da lambarsa. Mararaba kuwa tsira ta yi, kowa ya sayi fili daga hannun mai ƙasa ya gina yadda ƙarfinsa ya kai, kwatance kuma sai da masallaci ko rijiyar burtsatse ko shagon wane.

Na nemi San Siro, kangon da Reza da yaransa suke taruwa, wanda ya ari sunan filin ƙwallon birnin Milan a Italiya. Kangwaye na gani ba iyaka, gini ya kai linta kuɗin mai shi ya ƙare, ciyawa ta fito a falo, samari sun shimfiɗa kwali a inuwa. Kowanne zai iya zama shi. Wani mai shayi da na yi wa bayani ya yi dariya ya ce, "Malam, in irin wannan kake nema, zauna ka sha shayi tukuna, don sai ka kwana kana zagayawa." Ban ga alamar tsoro a fuskarsa ba, amma da na tambayi wanda ya fi kusa sai ya ce in bar zancen, zaɓe in ya zo kowa zai san inda suke.

Gidan Hajiya Binta kuwa, na ga masu kama da shi fiye da goma a lungu guda: katanga mai kai wa kafaɗa ko ta ɗan fi, ƙofar ƙarfe, igiyar shanya, tankin ruwa a kan dakali. A nan ne al'adar Turawan nan ta gamu da cikas a ƙasarmu. Mutumin Blackeberg ba ya asarar kome idan aka ce masha-jini ya taɓa zama a benensu, domin kowa ya san babu masha-jini, watakila ma ya ji daɗin baƙin. Amma a lungun Mararaba akwai zawarawa na gaske masu zuwa Islamiyya da safe, da 'ya'yansu da surukansu. Ranar da wani ya nuna ƙofa ɗaya ya ce nan ne gidan da ke cikin littafi, ya rataya wa matar gidan ƙazafin da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, kuma maƙwabta ba za su tsaya tambayar ko labarin ƙagagge ne ba. A littafin ma tsegumin unguwa ya yi wa Hajiya Binta ɓarnar da ba ta gyaruwa. Saboda haka ban ɗauki hoton ƙofar kowa ba, kuma ban rubuta sunan lungun ba.

Wanda yake son zuwa, ya tashi daga cikin birni da hantsi, lokacin da cunkoson ya juya ya fuskanci Abuja, ya sauka a Mararaba ya taka da ƙafa. Ya yi ƙoƙari ya kamo hanyar dawowa kafin magariba, lokacin da 'yan aiki suke cika ɗaya hannun titin.