Kuɗin Makarantar Ɗanmu Da Hoton Ƙirjin Kare

Waɗanda suka halarci taronmu na ƙarshen wata a nan Sabo sun san yadda aka tashi baram-baram a kan kuɗin makarantar yaron da asusun ilimi ke ɗaukar nauyinsa, wanda ke ajin ƙarshe na karatun likitan dabbobi a Jami'ar Ibadan. Wani dattijonmu ne ya ga hotuna a wayarsa, ya tambaya, yaro ya ce hoton ƙirjin kare ne yake nazari saboda jarrabawa. Baba ya ce shi ya zuba kuɗinsa ne don a samu mai duba mana shanu a kara ta Akinyele, ba likitan karnuka ba. Gaskiya mu ma 'yan kwamiti abin ya ɗan sosa mana rai, karatun shekara shida fa ba wasa ba ne. Aka ce mu je mu gani da idonmu kafin a sake fitar da ko sisi.

Mun same shi a makaranta, ya kunna mana hoto a kwamfuta. Mu dai haƙarƙari muka gane, sai wani farin dunƙule a tsakiya. Ya ce mu ƙirga, kare haƙarƙari 13 gare shi a kowane gefe. Iska baƙa take fitowa, ƙashi fari, nama da ruwa kuma toka-toka, shi ya sa lafiyayyen huhu yake da duhu, wanda ya cika da ruwa ko mugunya sai ya yi fari. Hoto ɗaya ba ya isa. Ana kwantar da kare ta gefen dama, a juya shi hagu, sannan a ɗauka ta sama ko ta ƙasa, domin huhun da aka kwanta a kansa yana matsewa ya ɓoye abin da ke cikinsa. Wato idan ciwon yana huhun dama, sai an kwantar da karen ta hagu ake ganinsa sosai. Kuma tunda ba a ce wa kare ja numfashi ka riƙe, mai ɗauka sai ya yi dakon lokacin da ƙirjin ya cika da iska ya danna. In ya kuskure, lafiyayyen huhu ma sai ya yi kama da mai ciwo.

Abin da ya fi burge mu shi ne awon zuciya. Ana auna tsawonta da faɗinta a jikin hoton, sai a ɗora kowanne a kan ƙashin bayan karen, daga gaɓa ta huɗu ta ƙirji, a ƙirga gaɓoɓin da suka ci, a haɗa. Wasu likitoci biyu, Buchanan da Bücheler, suka fito da wannan hanya a 1995. Yawancin karnuka suna faɗawa wajen 9.7, in ya haura 10.5 sai a fara zargin zuciya ta kumbura, ko da yake wasu jinsunan nasu ya ɗan fi haka tun asali.

Muka ce to ina ruwan wannan da sa? Ya ce ƙirjin sa ya yi kauri, ƙaramar na'ura ba ta ratsa shi yadda ya kamata, kuma ba wanda zai kai sa ɗakin hoto daga kara. Kare da mage ne ake samu kullum a asibitin koyarwa, a jikinsu ake horar da ido. Shanu da tumaki da kaji duk suna cikin karatun, ba zaɓa ake yi ba, wanda ya faɗi darasi ɗaya ba zai fita da takarda ba, balle Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ta yi masa rajista.

A hanyar dawowa ne ma'ajinmu ya tuna da karen da ke gadin garken ƙaninsa da dare. Ya fi wata yana tari, an yi ta ɗirka masa allurar nan ta shanu da kowa ke saya a kasuwa, ba sauƙi. Yaron ya ce a kawo shi malaminsa ya duba. Hoton ya nuna huhu ba shi da komai, zuciya ce ta kumbura har ta tura bututun iska sama ta danne shi, tarin ke nan. Aka canza magani, aka kuma gaya wa mai shi gaskiya, cewa irin wannan ciwo ana lallaɓa shi ne, ba ya warkewa. Mun yi shiru a mota, don kowannenmu ya san shanu nawa ya yi wa wannan allura da ka, ba tare da ya san me ke damunsu ba.

Batun kare kuwa, mun kai wa malaminmu, ya ce shari'a ta halatta ajiye shi don kiwo da gona da farauta, kuma dabbar da ke hannunka haƙƙinta yana wuyanka. Baba, muna roƙon ka yi haƙuri, matsayinka a wurinmu ya wuce gardama. Kwamiti dai ya ba da shawarar a biya kuɗin zangon ƙarshe, kuma yaron ya yi alkawarin in ya gama bautar ƙasa zai riƙa zuwa kara ranar kasuwa. Za a kaɗa ƙuri'a a taro mai zuwa bayan sallar La'asar, masu bashin kuɗin wata su zo da shi.