Yumɓun Da Mu Ke Zubarwa A Juji

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwa wani abu da ya daɗe yana ci mini rai.

Na yi shekaru ina akawu a wata ma'aikatar tace man gyaɗa a Kano. Can akwai wani farin yumɓu, Turawa na ce da shi bentonait, wanda a ke zubawa cikin mai don ya tsotse launi da dauɗa. In ya gama aiki sai ya koma baƙi, a kwashe a kai juji. Man da ke maƙale a jikinsa kan kai kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na nauyinsa, har tsibin kan kama wuta da kansa. Ni na ke rubuta lissafin motocin da ke kwasarsa, ban taɓa zaton yana da sauran amfani ba.

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, inda a ke niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Gubar ta bi ƙura da ƙasa, ta shiga har kududdufai. Tun ran nan na shiga tambayar masana. Suka ce dalma ba ta nuna launi a ruwa, tafasawa kuma ba ta fid da ita. Watau ruwa ya yi garau a randa, ga ajali ciki.

Sa'an nan suka faɗi abin da ya ba ni kunya. Yumɓun nan, in an gasa shi man ya ƙone, ƙofofinsa sun sake buɗewa, yakan kama dalma da tagulla da ke narke cikin ruwa, kamar yadda mayen ƙarfe ke kama allura. An gwada haka a ɗakunan bincike, an ga ya yi. Ashe abin da na yi ta sa hannu a zubar, magani ne.

Amma jama'a, kada wani ya ɗebo shi daga juji ya zuba a rijiya. Sai an gyara shi, an auna ruwan kafin da bayan tacewa. Yumɓun da ya sha dalma kuwa shi kansa ya zama guba, lalle a binne shi inda ba zai haɗu da ruwa ba.

Don haka ina roƙon hukuma da malaman jami'o'inmu su gwada wannan a Calawa da Sharaɗa, inda ruwan majemu mai ɗauke da kiromiyam ke gangarawa kogi, manoman rani na ban ruwa da shi. Masu ma'aikatun mai kuma su daina zubar da shi, su ba da a gwada. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyashe mu, amin.

Naka,
Wani Tsohon Akawu, Kano.